Ya Faɗa da Baki ko Ya Rubuta? Zaɓi ga Mai Son Rabuwa da Shaye-shaye

Ranar da aka sallamo ɗan shaye-shaye daga asibiti, 'yan gida kan ɗauka an gama. Ya yi ƙiba, ido ya washe, yana cin tuwo yana barci, har an fara ganinsa a sahun masallaci. Sai dai abin da ya kai shi ga kwalbar kodin ko katin tiramol yana nan inda ya bar shi: bashin da ya ci, abokan majalisa, baƙar maganar da mahaifinsa ya yaɓa masa a gaban ƙannensa, ko wani abu da aka yi masa yana yaro bai taɓa gaya wa kowa ba. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, NIDA, ta ce kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani kan koma ruwa. Jiki ya fi zuciya saurin warkewa.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, an kuma ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Gidajenmu da na farkon suka fi aiki: a rufe, a ce wa maƙwabta yaro ya tafi wajen kawunsa a Legas. Masu jinyar 'yan shaye-shaye kuwa na biyun suka riƙe, kuma hanya biyu ce ta fi fice a wajensu: mutum ya ba da labarinsa da baki a gaban wasu, ko ya zauna shi kaɗai ya rubuta. Akwai ta uku a tsakiya, wadda ƙwararre ke zama da shi su sake ɗinke labarin tare. Abin da ya sa ya kamata mu dube su da idon basira shi ne arha. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya mai bugarwa a cikin shekara guda, kusan miliyan 3 daga cikinsu kuma abin ya riga ya zame musu ciwo. Likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin ƙasar 'yan ɗaruruwa ne. Gadon asibiti ba zai taɓa isa ba.

Kafin a shiga zaɓi, a san cewa babu ɗaya a cikin ukun da ke tsaya wa mutum a makon farko. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, ta kwalba ce ko burukutu ko ogogoro, in ya tsaya lokaci guda yana iya kama jijjiga, bayan kwana biyu zuwa uku ya fara gane-gane da sambatu, kuma wannan yana kisa. Haka ma wanda ya saba da roci da sauran ƙwayoyin sa barci. Mai tiramol da kodin zai sha ciwon gaɓoɓi, gudawa, gumi da rashin barci. Wanda ke cikin wannan hali likita yake bukata. Maganar biro ko majalisa sai hankali ya dawo jiki.

Labari da baki

A 1935, a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda bai fi 'yan watanni da barin giya ba, ya je wata harkar kasuwanci ta watse. Yana otal ya ji sha'awar giyar ta taso masa. Maimakon ya shiga mashaya, sai ya shiga buga waya yana neman wani mashayi da zai yi hira da shi. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa kashe wa sana'a. Likitan ya ce minti 15 kawai zai ba shi, suka ɓuge da kwashe sa'o'i. Daga wannan zama ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato AA, ta mashayan giya masu taimakon juna su daina, ta samo asali. A 1953 aka kafa 'yar uwarta ta masu shan ƙwaya, NA, a Kalifoniya.

Zaman nasu ba likita, ba mai wa'azi. Kowa sunansa na farko kawai yake faɗa. Mai magana ya bi gaɓa uku: yadda nake a da, abin da ya faru, yadda nake yanzu. Ba a katse shi, in ya gama kuma ba a rufe shi da nasiha. Abin da aka faɗa a ɗakin, a ɗakin yake kwana.

Ta fuskar hujja wannan hanya ce a gaba. A 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen likitanci ta auna nauyinsu, ta duba bincike 27 da suka ƙunshi mutum fiye da 10,000. Ta samu cewa shirin da aka tsara don shigar da mashayi cikin AA ya kai sauran hanyoyin ba da shawara, sau da yawa ma ya fi su, wajen sa mutum ya daina sha baki ɗaya, ga shi ya fi sauƙin kuɗi. Amma fa giya aka auna, ba tiramol ba. Kuma ba labarin kaɗai ke aikin ba, mutumin ya samu sabuwar majalisa ne. Duk wanda ya san yadda matasanmu ke shaye-shaye ya san ba a cika yi a kaɗaice ba. A kango ake haɗuwa, ko ɗakin aboki, a yi karo-karo a sayo, a juye cikin lemo a zagaya. In ka raba yaro da wannan zama ba ka ba shi inda zai zauna bayan La'asar ba, kaɗaici ne zai mayar da shi.

Sannan akwai amfanin ji. Yaron da ya saci sarƙar mahaifiyarsa ya sayar gani yake duk duniya babu la'ananne irinsa. Sai ga wani magidanci mai furfura ya ce shi keken ɗinkin matarsa ya sayar, ga shi yau ya yi shekaru bai sha ba, har ya sake saya mata wani. Babu takardar da za ta yi wa yaron nan abin da wannan magana za ta yi masa.

To, ina matsalar? Magana zarar bunu ce. An gina tsarin ne a manyan biranen da mutum zai tsallaka unguwa biyu ya zama baƙo. A Funtuwa ko Gumel ko Maraɗi, sunan farko ba ya ɓoye kowa. In ba a san ka ba, an san gidanku. Abin da saurayi ya faɗa yau cikin kuka yana iya fitowa bayan shekara uku, ranar da dangin yarinya suka fita binciken aure. Ga mace kuwa abin ya ninka. Akwai kuma tambayar addini, wadda bai kamata a yi mata kunnen uwar shegu ba. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa dukkan al'ummar Annabi (SAW) ababen yi wa afuwa ne ban da masu bayyana saɓonsu, wato wanda Allah Ya rufa wa asiri da dare, gari ya waye ya tona kansa. Malamai sun bambanta mai tallar zunubi da mai faɗa don neman magani ko fatawa, kamar sahabin da ya zo yana cewa ya halaka bayan ya kusanci iyalinsa da rana a watan azumi. Sai dai tazarar ba ta da yawa. Zaman da ba shi da jagora mai ido, nan da nan yake komawa hirar bajinta: “Ranar nan kwalba huɗu na ɗaga, ban san inda kaina yake ba sai da na farka a tasha.” A kwashe da dariya, yawun kowa ya tsinke, a tashi sha'awa ta fi yadda aka zo da ita.

Wani bincike da William Dunlop da Jessica Tracy suka yi a Kanada, aka buga a 2013, ya taɓo wannan. Sun sa mashayan da ba su daɗe da dainawa ba su ba da labarin shansu na ƙarshe. Waɗanda labarinsu ya ƙunshi juyi, wato abin ya yi muni amma ga abin da ya canja a kaina, su suka fi kasancewa ba su koma ba bayan 'yan watanni. Mutanen ba su da yawa, kuma binciken bai tabbatar da cewa labarin ne ya riƙe su ba. Amma ya isa ya nuna cewa ba kowane buɗe baki ne magani ba, inda labarin ya dosa shi ne abin dubawa.

Cikas na ƙarshe shi ne samu. A garuruwan Arewa irin wannan zama ya fi yawa a cikin asibiti ko cibiyar gyaran hali. Da an sallami mutum, an sallame shi da majalisar.

Biro da takarda

A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a jihar Texas, James Pennebaker, tare da Sandra Beall, suka sa ɗalibai su yi rubutu na minti 15 kullum har kwana huɗu. Wasu aka ce su rubuta abu mafi ciwo da ya taɓa samunsu da yadda suka ji a ransu, wasu kuma su rubuta abin da bai taka kara ya karya ba, kamar fasalin ɗakinsu. Masu rubuta ciwon sukan tashi ransu a ɓace. Amma a watannin da suka biyo baya sun fi sauran ƙarancin zuwa asibitin makaranta. Kamar matse maruru ne, lokacin matsar ya fi zafi. Daga nan aka yi ta maimaita gwajin, har a 2006 Joanne Frattaroli ta tattara guda 146 ta auna: amfanin na gaske ne, amma ƙarami ne.

A kan shaye-shaye kai tsaye, akwai gwajin da aka buga a 2014 kan mata 149 da ke kwance a wata cibiyar jinyar 'yan ƙwaya a Amurka. Waɗanda suka yi rubutun ciwo na minti 20 sau huɗu sun fi sauran samun sauƙin damuwa, fargaba da firgicin abin da ya same su bayan mako biyu. Da aka kai wata guda, sauran sun kamo su. Abin da na ɗauka a nan shi ne rubutu ɗan rakiya ne. Yana saurin kawo sauƙi a lokacin da mutum ya fi rauni, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma duk mai ce maka ka rubuta ka warke ya zuzuta.

Duk da haka takarda tana da abin da baki ba shi da shi. Sha'awar ƙwaya ba ta jiran ranar taro, ƙarfe biyun dare take zuwa, kuma takan hau ne ta sauka in an iya jure mata na ɗan lokaci. Littafi yana nan a wannan sa'ar. A gaban mutane kuma, komai gaskiyar mutum, sai ya ɗan gyara labari don kada a raina shi ko don a tausaya masa. Takarda ba ta zare ido.

Rubutun ba iri ɗaya ba ne, kuma haɗa su wuri guda na rikita mutane. Wanda na fi ba wa muhimmanci shi ne mafi rashin armashi, wato lissafin kullum. Layi huɗu ko biyar ne, ga misalin yadda yake:

“Laraba, bayan Magariba. Na dawo daga gareji, Oga bai ba ni ko sisi ba. Umma ta tambayi kuɗin cefane. Sha'awa ta kai 8 cikin 10. Na biyo ta layin mai kemis, na wuce ban tsaya ba. Na zauna gidan Yaya har Isha. Ta sauko 3.”

In aka yi mako uku ana wannan, sai a ga abin da mai shi ma bai sani ba. Shi gani yake ranar biki ce ke kayar da shi, ashe ranar da ya dawo hannu rabbana ce, da tambayar Umma, da wannan layin da yake bi. Yanzu an samu abin gyarawa: ya canja hanya, a roƙi Umma ta bar maganar kuɗi sai da safe. Masu hanyar gyaran tunani da ɗabi'a sun daɗe suna aiki da irin wannan lissafi, kuma shi ne abin da ya fi amfani a riƙe a hannu ranar komawa ganin likita.

Na biyu shi ne amayar da ciwo irin na Pennebaker. Kwana uku ko huɗu ake yi a tsaya, kuma shi kansa ya gindaya sharaɗi: in ka ji abin zai fi ƙarfinka, ajiye biron. Haɗarinsa shi ne ya koma tuƙa da warwara. Wanda kowane dare yake cika shafi da “ni banza ne, na kashe rayuwata” ba magani yake sha ba, hadda yake yi.

Sai wasiƙar da ba a aikawa: zuwa ga mahaifin da ya rasu ba a shirya ba, ko ta ban kwana da ƙwayar kanta. Wadda ta fi aiki ita ce wadda ba ta yi ƙarya ba, ta fara da abin da ƙwayar ta bayar kafin abin da ta ƙwace. “Ke kika sa na iya wuni a kan babur ban ji bayana ba. Ke kika sa na iya yi wa mace magana.” Wanda bai yarda ta taɓa yi masa rana ba, ba zai nemi abin da zai maye gurbinta ba.

Aibin rubutu a gidan Bahaushe kowa ya san shi. Ɗaki ɗaya samari huɗu, uwa mai ɗaga katifa, mata mai duba aljihu, kishiya, ƙanin da ke aron waya. Magana ana iya musunta ta, rubutun hannunka kuwa shaida ne. Kuma mallakar waɗannan ƙwayoyi ba bisa umarnin likita ba laifi ne a doka, don haka kada a kuskura a rubuta sunan dila ko na abokin sha. Sauƙin abin, amfanin amayar da ciwo a yin rubutun yake, ba a ajiye shi ba. A rubuta, a yaga, a jefa a murhu. Lissafin kullum ne kaɗai ke bukatar ajiya, shi kuwa ana iya yin sa da alamomin da mai shi kaɗai ya gane.

Rashin boko ba hujja ba ce. Wanda ya yi allo ya rubuta da ajami. Wanda ya yi boko ya rubuta da Hausa, harshen da aka zage shi da shi kuma yake kuka da shi, kada ya tsaya neman Turancin da zai sa masa riga. Wanda ba ya ko ɗaya ya ɗauki muryarsa a waya ya goge. Gwaje-gwajen da suka kwatanta rubutu da magana cikin rikoda sun samu amfani mai kama da juna.

Inda rubutu ya yi wa baki fintinkau shi ne wajen mata. Wancan bincike na 2018 ya ce cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya ɗaya mace ce, amma ka leƙa cibiyoyin jinya ka ƙirga matan. Matar aure da ta saba da kodin a ɗaka ba za ta je wani zama ba sai da izinin miji, neman izinin kuwa shi ne tonon asirin. Da yawansu ga su da sabon karatu, wasu ma da rubutun littattafai a waya. Ƙofar da ke buɗe musu ke nan. Abin da zan ja kunne a kai shi ne zuba labarin a Facebook ko zauren WhatsApp, ko da da sunan aro. Wannan ya haɗa aibin hanyoyin biyu: ya fita kamar magana, ya zauna kamar rubutu.

Inda aka yi hannun riga

A shekarun 1980 wasu ƙwararrun masu ba da shawara biyu, Michael White a Ostireliya da David Epston a Niyuzilan, suka fito da waccan hanya ta uku, wadda ta saɓa wa AA a gindi. A zaman AA mutum kan buɗe baki da cewa shi mashayi ne, ko ya shekara ashirin bai sha ba, don kada ya manta ya saki jiki. Su White kuwa cewa suka yi mutum daban, matsala daban. Wanda aka shekara goma ana kira ɗan ƙwaya ya riga ya haddace labari guda game da kansa, kuma duk abin da bai dace da labarin ba ya zubar da shi. Aikin mai ba da shawara shi ne ya tsinto abin da aka zubar. Zaman kan tafi kamar haka:

“Malam, ni fa na riga na lalace.”

“Bari mu ajiye wannan tukuna. Yaushe tiramol ta fara shiga tsakaninka da Umma?”

“Tun da na bar makaranta.”

“Me take ce maka da asuba?”

“Cewa take ba zan iya fita aiki ba sai da ita.”

“Akwai ranar da ta kira ka ka ƙi zuwa?”

Shiru. “Ranar sunan 'yar Yaya. Ni na yi ta hidima, ban sha ba.”

“Ta yaya ka yi? Wa ya lura?”

Daga wannan rana guda ake jan zare. Epston ya shahara da rubuta wa mutum wasiƙa bayan zama, yana mayar masa da kalmominsa, don ya riƙa karantawa a gida. Ka ga a nan an samu rubutu ba tare da an ɗora wa marar lafiya biro ba.

Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba. Bukhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda giya, har wani ya la'ance shi yana mamakin yawan kawo shi da ake yi. Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. An hukunta aikin, ba a bar aikin ya cinye sunan mutumin ba.

Sai dai a ƙasarmu wannan hanya tana da santsi. Mu da muka saba da “jifansa aka yi” da “aljanu ne suka shafe shi”, abu ne mai sauƙi “tiramol ce ta sa ni” ta zama sabuwar mafaka. Amsar su White ita ce alhakin mutum yana kan yadda yake amsa kiran, amma sai mai ba da shawara ya ƙware kafin ya riƙe wannan iyaka. Don haka ni a ganina halin mutumin ne ke raba gardama. Mai adaidaita ko lebura da ke haɗiyar tiramol mai lamba 225 kullum, alhali likita 50 ko 100 yake rubutawa, yana kuma rantsuwa cewa maganin gajiya ne kawai, wannan furucin AA yake bukata, ya faɗa da bakinsa cewa abin ya fi ƙarfinsa. Wanda kuwa kunya ta riga ta durƙusar, ba ya iya haɗa ido da kowa a gida, sa shi maimaita “ni ɗan ƙwaya ne” ƙarin duka ne. Gwaje-gwajen da aka yi wa hanyar White a kan shaye-shaye ƙanana ne, ba su kai nauyin na AA ba, a san da wannan.

Akwai reshenta da aka haifa a Afirka. A 2006 Ncazelo Ncube, 'yar Zimbabuwe, tare da David Denborough suka tsara zanen bishiya don yaran da ƙanjamau ta mayar marayu. Kowa ya zana bishiyarsa: saiwa asalinsa, gangar jiki abin da ya iya, rassa burinsa, ganye mutanen da yake ji da su, 'ya'ya kyautar da aka taɓa yi masa. Sai an gama wannan ake maganar guguwar da ke kaɗa bishiyoyi. Ga ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, wannan ya fi zaman tona asiri dacewa, don mutum zai iya halarta ya amfana bai faɗi abin da zai hana shi aure ba.

Wanda kuwa yake sha don ya manta abin da idonsa ya gani, a Borno ne ko dajin Zamfara, lamarinsa daban ne. Masana a jami'ar Konstanz ta Jamus sun tsara hanyar da ake shimfiɗa igiya a matsayin rayuwar mutum, a ɗora dutse a kan kowane bala'i, fure a kan kowane farin ciki, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma an gwada ta kan 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda. Irin wannan sai da ƙwararre. Kada a ba mutumin nan littafi a ce ya je ɗaki ya rubuta ranar da aka kashe ƙaninsa a gabansa.

Abin da bai shiga lissafi ba ko kaɗan shi ne labarin dole. A tara dangi a tsakar gida, a zaunar da yaro a ƙasa, a ce ya faɗi duk abin da ya sata: wannan shari'a ce. Ƙarshen wannan tunani shi ne gidajen mari irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba 2019, suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Wanne za a ɗauka?

In akwai zaman tsofaffin masu sha a kusa, mai jagora, kuma mutumin namiji ne a babban birni da zai iya zuwa unguwar da ba a san shi ba, ya je. Wannan hanya ce mai hujja mafi ƙarfi, ita ce kuma ke cike gurbin majalisa. Ya haɗa da lissafin kullum, ba sa karo da juna. In mace ce, ko ɗan ƙaramin gari, ko mai riƙe da muƙamin da magana ɗaya za ta rushe, ya fara da takarda. In akwai tsohon firgici a ƙasan shan, ko kunya ta yi katutu, a nemi ƙwararre tun farko.

Amma ga yawancin mutanenmu, abin da zai yiwu a aikace shi ne a rubuta, sannan a karanta wa mutum ɗaya. Su kansu 'yan AA haka suke yi: matakinsu na huɗu mutum ya zauna ya rubuta lissafin kansa, na biyar ya faɗa wa wani mutum guda. Rubutun ya sa ya tsara abin da zai faɗa ya kuma zaɓi abin da zai riƙe, karantawar ta fitar da shi daga kaɗaici, asirin kuma bai wuce kunne biyu ba.

Zaɓen mai sauraren ya fi zaɓen hanyar wuya. Uwa da uba ba su cika dacewa ba, su ma masu rauni ne a labarin, ba za su iya jin batun sarƙar nan su yi shiru ba. Mata ma haka, a farko dai. Kawu mai sanyin hali, ko malamin da unguwa ta shaida ba a jin magana daga bakinsa, ko ma'aikacin jinya, ko wanda ya taɓa sha ya daɗe da bari, sun fi. Aikinsa ya ji har ƙarshe ba tare da “Subhanallahi, kai ɗin?” ba, ya kuma tambayi ranakun da aka ci nasara kamar yadda yake tambayar ranakun faɗuwa.

Tun zaman farko su yi yarjejeniya cewa abu ɗaya ne zai sa ya fitar da magana, wato in rai na cikin haɗari. In mutumin ya fara zancen gara ya mutu, ko rubutu ya hana shi barci kwana da kwanaki, ko yana jin muryoyi, a tsayar da komai a nufi asibitin ƙwaƙwalwa: na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ma tana da sashen ba da shawara da layin waya na kyauta. Mai sauraren ya kuma gaya masa tun yana lafiya cewa wanda ya yi makonni bai sha kodin ko tiramol ba, jikinsa ya daina ɗaukar adadin da ya saba, in ya koma ya sha daidai na da numfashinsa na iya tsayawa. In hakan ta faru aka same shi ba ya farkawa, a kwantar da shi ta gefe a nemi mota, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja.